Layin da Ban Rufe Ba

Zuwa ga Zinoviya, sanyin idona, hantsin safiyata, zaƙin da ya rage mini a baki duk da ɗacin wannan shekara,

Gaisuwa mai tarin yawa daga kan tudunmu. Ina fata ke da tsohuwar da kike jinya a Italiya kuna lafiya. Na sha fara wannan takarda ina yagawa. Kin dai san ni: kullum safiya sai na rubuta yadda gari ya waye, ko hadari ne ko raɓa, amma da an zo maganar zuciya sai alƙalami ya fi mini shebur nauyi.

Ƙanwarki ta gaya mini 'ya'yan tsohuwar sun roƙe ki ki zauna da su dindindin, kuma ƙarshen watan nan za ki ba su amsa. Tun da na ji, ko tuwon masara da cuku ya daina yi mini daɗi.

Nuwamba ta shigo, ganye ya zube. Kowa a ƙauye ya kwantar da kurangun inabinsa ya lulluɓe su da ƙasa kafin ƙanƙara ta sauka. Ni ma maƙwabta sun taya ni na rufe nawa, na rufe naki da kika bar mini amana. Layi ɗaya ne ya rage a tsaye: wanda kika dasa da hannunki a kan iyakar gonata da gonarki.

Kin tuna bara? Aikin nan na mutum biyu ne, ɗaya ya lanƙwasa kurangar ya danne, ɗaya ya zuba ƙasa. Ke kina durƙushe, yatsunki sun yi ja don sanyi, ni kuwa na tsaya da shebur ina tsoron kada in buge ki. Kika ɗago kika ce, "Zuba mana, sarkin tunani! Ai ba gawa muke binnewa ba, bargo muke lulluɓa mata." Wayyo, wannan dariya! Ranar na san cewa mutum yana iya haura arba'in zuciyarsa ba ta taɓa toho ba sai yanzu.

A Maris muka tone su, muka datse rassan bara, kowane bakin yanka yana ɗigar da ruwa. A cikin makon ne kika tafi. Na raka ki tashar mota, duk abin da ya fito daga bakina shi ne Allah ya kiyaye hanya. Kurangar ta fi ni gaskiya, ita a fili ta yi kukanta.

Sai idanun rassa suka buɗe, tsiro ya fito mai laushi kamar kunnen jariri. A Yuni suka yi fure, furen nan da ba ya cika ido, sai dai ƙamshinsa ya tare ka a hanya da yamma ka rasa daga ina yake. Haka son da nake miki yake, masoyiyata, ba shi da ado, ba ya iya magana, amma ya cika gonar. A Agusta 'ya'yan suka fara rinewa, ɗaya yau ɗaya gobe, kamar yadda fuskarki ke yi in an yabe ki. Muka yi tsinka a Satumba, kwanduna suka cika, ganguna suka cika. To ina amfanin? Wa ya rera waƙa a tsakanin layuka? Wa ya ɗauki nonon inabi mafi zaƙi ya ce mini ɗanɗana ka daina lissafi?

Jiya Goggo Profira ta biyo ta gonar da sandarta, ta ga layin a tsaye. Ta ce, "Kai Simion, furfura ta zo, hankali bai zo ba? Ƙanƙara ba ta jiran amarya! Kawo in danne maka." Na ce, "Goggo, aikin nan da mai shi." Ta ƙare mini kallo ta ce, "To mai shin ta sani? Ko jira kake kurangar ta rubuta mata?" Shi ya sa yau ban yaga takardar ba.

Ban sani ba ko na isa in roƙe ki. Can kina da ɗaki mai ɗumi da mutanen da suka san darajarki. Nan kuwa tudu ne da laka da namiji mai jinkirin magana. Amma ina son ki, Zinoviya! Ina so ki dawo ki zama matata, mu tone tare, mu datse tare, mu tsufa muna gardamar ranar fara tsinka.

Ba zan yi garkuwa da abin da kika dasa ba. In sama ta nuna ƙanƙara kafin ki iso, zan danne da gwiwata in zuba da hannu ɗaya, ko da aikin zai fito a karkace. In tone shi a Maris, in sake jiranki baɗi. Sai dai har yanzu ƙasa tana da laushi, shebur yana jingine a bakin layi.

Zo ki danne, in zuba. Wannan karon ba zan tsaya tunani ba.

Naki, kamar yadda saiwa ke riƙe da ƙasa, da ganye ko babu,
Simion