Koren Zobe a Kan Allon Tanderu

Maigida,

Gaisuwa da begenka. Na san wannan takarda ba za ta kai hannunka ba, ƙarƙashin tabarma za ta kwana tare da littattafan labaran da kake yi mini dariya a kansu.

Inna lafiya lau. An yi ruwa a Tawa sau biyu, gero ya tsiro. Ƙanenka Idi zai gaji tanderun da Bature ya koya maka gasa tukwane masu ƙyalli a ciki. Na roƙe shi ya bar ni in goge allunan da ake jera tukwane a kai, don ina son taɓa abin da ka taɓa.

Na yi yadda na ga kana yi. Na shimfiɗa buhu a kan yashi don kada allo ya tsage, na yayyafa ruwa saboda ƙura, na rufe hanci da gyale. Na kwantar da bakin ƙarfen da kake kankare su da shi, ba na tsayar da shi, ina bugawa a hankali nesa da fuskata, don ruwan ƙyallin da ya ɗiga ya daskare kaifin kwalba gare shi. Sai na bi da dutsen washi.

A allo na huɗu hannuna ya tsaya. Wani ɗan zobe ne kore na ruwan ƙyalli da ya daskare, daidai gindin kofin shan ruwa. Kore, Maigida. Duk abin da ka gasa ruwan ƙasa ne, ni ke wanke su kafin kasuwa. Na taɓa roƙonka kore, ka ce maganin da ke ba da launin yana da wuyar samu, daga Yamai ake kawo shi. To wa ya fi ni cancanta? Kofi ɗaya ka yi, ba na sayarwa ba ke nan. Ka ɓoye shi cikin riga ka wuce ni a tsakar gida?

A littattafaina wasiƙa mace ke tsinta, ta karanta, ta huta. Ni ɗigo ka bar mini, ba suna.

Ban taɓa gaya maka ba, duk ranar da ka tafi Kalfu ɗibar yumɓu nakan shinshina rigarka in ka dawo. Ƙasa kawai nake ji, sai in ji kunya. Yanzu ban san ko kunyar banza na yi ta ji ba.

Idi na bukatar allon, don haka na kankare zoben. Ya fita gaba ɗaya, ya yanke ni a yatsa.

Takabata za ta ƙare ran Juma'a. Na ce wa Inna zan je Kalfu gaida gwaggo. Gida-gida zan bi ina roƙon ruwan sha, in ga abin da za a miƙo mini a ciki.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka. Tawa yafiyar sai na dawo.

Matarka,
Hadiza