Abokin Takararka Ba Shi Da Haƙori

Kalgo,
Daminar 1993.

Zuwa ga farin watan zuciyata, ruwan sabuwar randa, inuwar da nake gudu gare ta in rana ta take, Basharu nawa ni kaɗai.

Sallama gare ka mai ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko. Bayan haka, yau ba alƙalami kaɗai na riƙo ba, har da fushi. Ka san ni, ko ido ba na iya haɗawa da kai, in kana magana bakin mayafina nake tauna. To, takarda ba ta da ido. Yau za ka ji!

Mamman direba ya kawo mani saƙonka. Wai in ban dawo Gwandu kafin ka koma makaranta Sakkwato ba, in maido maka hotonka, don ƙanwarka Mairama ta ji a kasuwa ana cewa Larai ba ta barci saboda wani Lukuman. Awo, gaskiya ne! Ina rera masa waƙa, ina shafa kansa, ina kiran sunansa a hankali kamar mai tsoron ya fashe. Kana son sanin abokin takararka? Ba shi da haƙori ko ɗaya, ko rarrafe bai fara ba. Jaririn Yaya Huseina ne, wanda duk kuka sani da Nagoggo! Sunan kakansa Lukuman ya ci, shi ya sa ba mai iya faɗin sunan yankan a gidan. Ni baƙuwa ce, bakina ba a ɗaure yake ba. Haba hasken idona, mi ya hana ka tambaya?

Da ka ga yadda na iske Yayata, da ka ji kunya. Yaron ba ya barci sai a baya, da an kwance goyo sai ihu. Ta rame, idanunta sun yi ja, ran nan ta yi gyangyaɗi a bakin murhu har gefen zanenta ya kama wuta. Mijinta Isa a tsaye yake barci cikin shinkafarsa a fadama. Ga yaron ɗanta ne na fari, kunya ta hana ta rarrashinsa gaban surukarta Goggo. Ita Goggo cewa ta yi a ajiye shi ya yi ta tsala ihu har ya gaji. Wata maƙwabciya ta ce a ɗura masa maganin mura. Ni da ba a jin muryata, sai na ji bakina ya ce a'a, a ba ni shi.

Kuma wa ya koya mani, in ba kai ba? Ka tuna yammacin da na kawo wa Mairama littafinta, na same ka durƙushe gaban sabuwar tantabararka, gero a tafi, ko motsi ba ka yi? Ka ce mani ba a sabar da ita da cafka, kullum kaɗan ake matsawa har ta yarda. A ranar zuciyata ta sauka a tafinka, ba ka ko sani ba!

Haka nake yi da shi, sai dai kai matsowa kake, ni janyewa nake. Bayan isha'i wanka da ruwan ɗumi, ya sha nono, waƙa guda ba a sauya ta. Na sauko da shi daga baya zuwa cinya. Daga cinya zuwa shimfiɗa, tun idonsa bai gama rufewa ba, majanyin uwarsa a ƙarƙashinsa don ya ji ƙamshinta, hannuna bisa ƙirjinsa. In ya yi ƙunƙuni, in bubbuga shi. In kukan na gaske ne, in ɗauke shi ya huce, in mayar. Yanzu har bakin ƙofa na kai, muryata kawai yake nema. Jiya Yaya ta yi barci har kiran asuba, ta farka a firgice tana tambayar ko lafiya.

Saura in saba masa da muryar uwarsa maimakon tawa. In na tafi yanzu, Goggo za ta karɓe shi da nata tsarin, Yaya ta koma bakin murhu. Don haka ba zan zo ba, Basharu. Ka ji da kyau, ba zan zo ba! Kana zaton ba na so? Duk motar Gwandu da ta wuce sai ta ja wani yanki na raina ta tafi da shi. Jaruman littattafan da nake karantawa sukan bar komai su ruga wajen masoyi. Ni ba zan bar jariri yana tsala ihu don babba ya yi shiru ba.

Hotonka kuwa ba zan maido ba. Ko Mairama ka aiko, ta koma hannu wofi.

Ga hankicina na naɗe a cikin takardar nan, na turara shi. Ka sa shi ƙarƙashin matashinka. In ka yi ƙunƙuni, ka tuna ina bakin ƙofa, ban tafi ko'ina ba. In kukan ya zama na gaske, aiko Mamman, zan ɗauke ka da takarda har ka huce, in mayar da kai.

Taka wadda ba ta da wani, in ban da marar haƙorin nan, har ranar da kogi zai daina cika fadamar Kalgo,

Larai.