Haƙorin Inna

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinka, yaya Hadiza da yara, yaya sanyin Jos? Mu nan Sabiyal lafiya lau, an fara cirar albasa.

Inna ta samu sauƙin gudawar nan da ta kwantar da ita. Ranar Talata na kai ta asibitin Jega a cire mata haƙori. Likita zai rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta ke nan, na faɗa mishi ciwon da ta yi. Ya aje biro ya ce, "Gara da kika faɗi. Hanjinta bai gama warkewa ba, irin wanga magani na iya tado da ciwon." Ya ɗage cirewar, ya ba ta na rage zafi.

A mota ba ta yi magana ba har Aliero. Can ta ce, "Da Sani na nan, shi zai riƙe mani hannu ranar cirewar." 

Yaya, ka zo, ko kwana biyu ne. Duk wanda ya yi sallama, sai ta tambaye ni ko muryarka ce.

Ka sa ta cikin addu'a. A gaida kowa.

Ƙanwarka,
Rabi