Tuƙar Saniyar Inna

Yaya Bala,

Gaisuwa mai yawa daga Kontagora. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rahila da yara. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Mu nan sai godiya.

Kyauta, wadda ita ce ta rage cikin 'ya'yan saniyar marigayiya Inna, ta daina tuƙa ta kwanta, har mahauta sun fara zagayowa. Sai makiyayinmu ya ciro tuƙa daga bakin 'yarta ya tura mata. Ba a daɗe ba ta miƙe.

Da Hannatuna ta zo hutu daga karatun likitan dabbobi, na ba ta labari. Ta ce: "Mama, a tumbin saniya akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani. Su ke cin ciyawar, su gina furotin a jikinsu, saniya ta narkar da su, su zama nama da nono." Ta ce maraƙi a yawun uwarsa yake samun su, in tana lasarsa.

Tun ranar nake zama gindin mangwaro ina kallon bakin Kyauta yana juyawa. Ashe abin da ta lasa wa 'yarta ne ya dawo mata. Sai in yi ta tunanin ko har yanzu a cikinta akwai zuriyar ƙananan halittun da suka yi nonon da Inna take dama mana fura da shi.

Ka ce in sayar da ita. Ka yi haƙuri, Yaya, na kasa.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida Kawu Audu. In ka zo Kirsimeti, furarka tana nan.

Ƙanwarka,
Ladi