Ledar Jinin da Na Ba Ma'u

Zuwa ga Babban Likita mai kula da asibitin da aka kwantar da 'yar yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka, ya aiki, ya haƙuri da jama'a. Sunana Mustafa, daga wani ƙauye a gefen Gazara. Bana na kammala digiri a fannin nazarin ƙananan halittu, ina gida ina jiran kiran bautar ƙasa. Ba zan ambaci sunan asibitinka ba, domin ba tozarci na zo yi ba. Sau uku na zo ofishinka. Na farko aka ce kana taro, na biyu aka ce ka tafi Kaduna, na uku aka karɓi takardata aka ce za a neme ni. Wata huɗu ke nan. Shi ya sa na zaɓi in yi maganar a fili.

Asma'u, da muke kira Ma'u, 'yar yayata Habiba ce da ke aure a Janfalan. Shekarunta bakwai, tana da ciwon sikila. A tsakiyar zafin bana ciwon ya tashi, aka kwantar da ita wurinku ranar Litinin. Da safiyar Talata aka ce jininta ya yi ƙasa, a kawo wanda zai bayar. Haka tsarin yake, kowa ya sani: dangi ke kawo jini. A gidanmu kuwa ba a shawara a kan wannan, ni ake kira, domin jinina ya dace da nata, kuma ba ni ɗauke da sikila. Na hau mashin na zo, na ba da leda ɗaya. Da yamma ta farfaɗo har ta nemi kunu. Ta dube ni ta ce, "Kawu, yanzu jinin jami'a ne a jikina, ko zan tashi da Turanci?" Ranar Juma'a aka sallame ta. Juma'ar da ta zagayo muka binne ta bayan la'asar.

Ga abin da ya faru tsakanin Juma'o'in nan biyu. Zan fara da laifina kafin na kowa.

Na farko. Mako guda kafin in ba da jinin, yaran yayana uku da muke gida ɗaya sun yi zazzaɓi mai sauƙi, daga baya kumatunsu suka yi wani irin ja mai duhu, ƙuraje kamar zanen raga suka fito a hannuwansu. Matan gida suka ce ƙurajen zafi ne, aka barbaɗa musu hoda. Ni ma haka na ɗauka. A littattafan da muka karanta, hoton wannan cuta kullum na farin yaro ne mai jan kunci kamar an mare shi. Ba a taɓa nuna mini yadda take a fatar yaranmu ba. Kwana shida bayan na ba da jini, ranar Litinin, na tashi wuyan hannuwana da gwiwoyina suna ciwo, irin zanen ragar nan ya fito a damtsena. Na ɗauko littafina na aji uku, na buɗe shafin Parvovirus B19, na karanta har ƙasa, na rufe. Na ce wa kaina ɗan makaranta duk cutar da ya karanta sai ya ga kamar ta kama shi. Ban kira Yaya Habiba ba. Da kati a wayata.

Na biyu. Na san ka fi ni sanin wannan ƙwayar cuta, amma ina so jama'ar da za su karanta su gane abin da nake tsoro. Tana cikin mafi ƙanƙanta a dangin bairos, zaren gadonta, wato DNA, guda ɗaya ne tak, kuma ba ta da rigar kitse, shi ya sa take da wuyar kashewa. Danginta da ke shiga jikin mutum suna da yawa. Akwai wadda Turawa ke kira boka-bairos, da ake samu a majina da bayan gidan yara. Akwai wadda ake kira PARV4, da ake samu a jini, har yau ba a tabbatar da cutar da take jawowa ba. Akwai wata da ba ta iya hayayyafa sai da taimakon wata bairos. Wadda ke kashe karnuka 'yar'uwarsu ce, amma ba ta kama mutum. B19 ita ce aka fi sani da illa, kuma iri uku ce, na ukun an fi samunsa a nan Afirka ta Yamma. Ba baƙuwa ba ce. Yawancin manya sun taɓa yin ta tun suna yara ba su sani ba, kuma wanda ya yi sau ɗaya galibi ba ya sakewa. Ba ta da allurar rigakafi.

Ɓargo take nufa, inda ake ƙera jajayen ƙwayoyin jini, ta tsayar da aikin na kamar mako guda zuwa kwana goma. Mai lafiya ba ya ji, domin ƙwayar jininsa tana kai wata huɗu a raye. Ta mai sikila mako biyu zuwa uku ce. In ɓargonsa ya tsaya, jinin sai ya zube ƙasa ba tare da ko ɗigo ya fita waje ba. Abin da ya fi hana ni sukuni shi ne, lokacin da ta fi yawa a jinin mutum shi ne kafin ƙuraje su fito, yana ganin mura ce kawai. An fi ɗaukarta ta numfashi, amma tana bin ƙarin jini, ko da yake ba kasafai ba. Asali ma a jinin masu ba da jini aka fara gano ta, mutanen da suke jin lafiyarsu ƙalau. A jarrabawa na rubuta wannan, na ci maki.

Na uku, kuma nan ƙorafina ya fara. Ranar da na ba da jini, na faɗa wa ma'aikacin ɗakin gwaji cewa jikina a mace yake, kaina na sarawa, ina ɗan jin mura. Ya yi dariya ya ce gajiyar mashin ce, samarin yanzu ba ƙwari. Ya gwada ƙanjamau, ciwon hanta iri biyu, da tunjere, duka lafiya. Na san babu asibiti irin naku da ke gwada B19, ban kuma zarge ku a kan wannan ba. Amma bai auna zafin jikina ba. Bai tambaye ni ko akwai masu zazzaɓi ko ƙuraje a gidanmu ba. Mutumin kirki ne, layi ya yi masa yawa, yarinya kuma na jiran jini. Sai dai in tsarinku shi ne dangi su kawo jini, to daga gida ɗaya jini da cutar gidan za su riƙa fitowa tare.

Na huɗu. Ranar Alhamis, kwana tara da ƙarin jinin, Ma'u ta yi laushi, tafin hannunta ya yi fari, tana haki in ta taka. Uwarta ta kawo ta da hantsi. Aka ce maleriya ce, aka yi mata allura. Yaya Habiba ta roƙi a duba jinin, aka ce babu wuta, injin ba zai juya ba, kuma ai kwanan nan aka ƙara mata, ta dawo gobe. Da ta dawo ranar Juma'a, awon jinin ya nuna kashi tara cikin ɗari kacal. Ni ba a iya sake ɗibar nawa kwana goma da bayarwa, na mahaifinta bai dace ba. Ana cikin neman wani ta cika, masallatai suna kiran farko na sallar Juma'a. Wannan matsala tana da magani, ranka ya daɗe, kuma maganin jini ne a kan lokaci. Kwana ɗaya aka rasa a wurinku. Kwana uku aka rasa a wurina.

Na biyar. Ba ni da hujja, kuma ba zan yi kamar ina da ita ba. Ba a gwada ni ba, ba a gwada ta ba. Na je Islamiyyarsu a Janfalan na yi tambaya, malamarsu ta ce yara biyu sun yi irin ƙurajen a watan. In dai B19 ce, hanyoyi uku ne: ledar jinin, ko numfashina lokacin da na zauna gefen gadonta ina ba ta kunu, ko 'yan ajinsu. Biyu daga ciki ta kaina suka bi. Kullum sai na jera su, kullum lissafin ba ya canjawa. In na ɗaga hannun riga zan yi alwala, tabon allurar nan nake fara gani.

Yaya Habiba ba ta san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Duk wanda ya zo ta'aziyya sai ta nuna ni ta ce, "Ga wanda ya ƙara mata kwana goma." Ma'u tana da ƙane, Halidu, ɗan shekara uku, shi ma mai sikila. Rannan na ji uwar tana masa wasa tana cewa jininsa na ajiye a jikin kawunsa. Na miƙe na fita kamar an kira ni a waya.

Don haka ina roƙon abubuwa kaɗan. A ba mahaifin Ma'u damar ganin fayil ɗinta ina wurin, in ga ko an taɓa ƙirga sababbin ƙwayoyin jinin da ɓargo ke fitarwa. Wannan gwaji rini kaɗan da madubin likita yake buƙata, kuma shi ne zai nuna ko ɓargon ya tsaya. In akwai ragowar samfurin jinina ko nata a firjinku, kada a zubar. Na san da wuya, amma ina so a ce mini babu, da baki, in daina tunaninsa. A riƙa tambayar duk mai ba da jini ko yana jin zazzaɓi, ko akwai masu ƙuraje a gidansa, musamman in jinin na mai sikila ne ko mai juna biyu, domin cutar tana taɓa ɗan tayi ma. Sannan kada a mayar da mai sikila gida da farin tafin hannu ba a auna jininsa ba, ko da wuta ko babu.

Na yarda kwana ya ƙare, ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma Halidu yana raye, kuma wata rana za a kawo shi wurinku, a ce a kawo mai ba da jini, a kira ni.

Ba zan bari yayata ta ji wannan magana a wayar wani ba. Kafin wasiƙar nan ta fita zan je Janfalan, in zauna a tabarmar ɗakinta in karanta mata da bakina. Na san abin da za ta tambaye ni in na gama, kuma amsar da nake da ita yau ita ce ban sani ba. Ko da amsarka ma ita ce wannan, ranka ya daɗe, ina roƙonka ka kira mu ka faɗa mata da kanka, kada in faɗa ni kaɗai.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya dafa maka a kan amanar da ke wuyanka, ya sa kada ka taɓa tsayawa inda na tsaya. Allah ya jiƙan Ma'u, ya ba uwarta haƙurin abin da ta sani da wanda za ta ji.

Wassalam.

Mustafa,
daga gefen Gazara.