Ɗigo da Tauraro Sun Cinye Mini Littafi

Zuwa ga Mai girma Daraktan makarantarmu ta koyon kwamfuta, Limawa, Dutse.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, Baba Darakta, zan faɗi abin da ko Ummana ba ta sani ba: ni Hindatu ta kujerar ƙarshe, littafin soyayya nake rubutawa a kwamfutarku bayan darasi.

Na ɗaya. Kunya ta hana ni buga sunan jarumin. Duk inda ya fito sai in sa ɗigo da tauraro, wato .* don shi ɗin tauraro ne. Ranar da na kammala, na buɗe wajen nema da sauyawa da Malam Sabo yake kira regex, na ce duk .* ya koma Nasiru. Na adana, na tura firinta, ban ko duba ba.

Na biyu. Ashe a regex ɗigo na nufin kowane harafi, tauraro kuma komai yawansa. Kowane layi ya koma Nasiru! Haɗuwar jarumin da masoyiyarsa Amira a motar Kiyawa, Nasiru. Kukanta a gindin dabino, Nasiru. Har sadaukarwa ga iyayena, Nasiru.

Na uku. Tun da Shari'a ta zo aka sa labule a aji, firinta ta faɗa ɓangaren maza. Kuma akwai wani Nasiru a can. Wallahi dacewa ce kawai! Ina jin takardu na fita, maza na shewa, shi kuwa shiru. In na tuna shirun nan sai in rufe fuska da hijabi in yi ta dariya ni kaɗai.

Na huɗu. Malam ya ce ɓarna na yi, ya dakatar da ni. Alhali bai taɓa gaya mana ana sa karkatacciyar sanda kafin kowace alama ba, wato \.\* don kwamfuta ta ɗauke su ɗigo da tauraro zalla. Sai a bayan littafin darasi na tsinto.

Roƙona: a mayar da ni aji, a koyar da sandar nan tun farko. Sannan tsohon kwafina yana cikin faifan da Malam ke kwafe aikin ɗalibai a kai, ranar Asabar za a goge shi. Don Allah a ba ni kafin nan, kada kowa ya karanta babi na bakwai.

Allah ya ja zamaninka, ya raya maka zuri'a. Na so ƙawata ta kawo takardar nan, na fasa. Gobe da hannuna zan miƙa maka.

Wassalam.
Ɗalibarka, Hindatu.