Kujerar Auta Tana Jiranka

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Yaya aiki, yaya sanyin can da kake yi mana kukansa kullum? Allah ya ƙara buɗi, ya tsare ku daga duk abin ƙi. Mu nan alhamdulillahi. Ƙafar Mama ta yi sauƙi har tana zuwa kasuwa da kanta, bakin kuwa yana nan yadda ka bar shi. Maigidana an mayar da shi aikin safe, 'yan biyuna sun fara haƙori sun hana kowa sakat. Agogon bangon da ka aiko ya iso, Mama ta rataye shi a falo, duk wanda ya shigo sai ya ji labarin ɗanta na waje kafin a ba shi ruwa.

Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya ba ka barin mutum ya dire magana. Da na buɗe baki sai ka ce in taƙaita, kana kan aiki. To yau ba zan taƙaita ba. Maganar Auta ce, ƙaninka, wanda ka bar wa shagon askin Baba ka tafi neman naka. Ka san tun rasuwar Baba fargaba ta kama yaron nan. Ba ka nan, ni na gani: gabansa ya riƙa faɗuwa babu dalili, numfashi ya tsaya masa a wuya, ya kulle kansa a ɗaki yana cewa mutuwa zai yi. Ni na kai shi wurin likitar ƙwaƙwalwa, ta ɗora shi a kan ƙwaya guda kowace safiya. A hankali ya dawo mutum. Ya buɗe shago, ya fenti bango, ya sake madubi. Ranar hutu bencin nan ba ka samun wurin zama, mutane na tsallake shaguna su zo wurinsa gyaran fuska, don shi kaɗai ya rage a layin mai yi da aska irin ta Baba.

Sai ga ka ka zo hutu. Ka zauna a kujerar Baba, ya ɗaura maka mayafi a wuya yana ta murna Yayansa ya zo. Hannunka da ba ya zama wuri ɗaya ya ja durowa neman mataji, ka ci karo da kwalin maganin a bayan kawunan kilifa. Da ka mayar ka yi shiru, ka tambaye shi a gida, da ban rubuta wannan takarda ba. Ina! Sai ka ɗaga shi sama, ka zaro takardar ciki ka karanta da ƙarfi, benci cike da mutane. Ka ce wannan maganin mahaukata ne, gidanmu ba a taɓa yin mahaukaci ba, ka ga wani a waya yana cewa ƙwayoyin nan bautar da mutum suke yi. Kai da ko allura aka zaro sai ka kau da kai, ranar ka zama babban likita. Auta ya ƙarasa maka askin idonsa cike da hawaye, kuma wallahi ko ɗigon kuskure babu. Ka tuna da askin nan da kyau, shi ne aski mai kyau na ƙarshe da ya fita daga hannunsa.

A gida ka kunna Mama. Ta ɓare ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya ta zuba a masai, ta sa shi ya tsaya yana kallo, kai kuma kana bakin ƙofa kana cewa yawwa, haka ake yi. Da safe ka haɗiyi taka ƙwayar ta hawan jini da shayi, ka ja jakarka ka hau jirgi. Na so in tambaye ka me ya sa taka ba ta bi ruwa ba, sai na tuna kai babba ne.

Bari in ba ka labarin abin da ka tafi ka bari. Ba a yi nisa ba jiri ya fara ɗibarsa, in ya miƙe sai ya dafa bango. Zufa ta riƙa jiƙa masa riga ko da fanka na kansa. Abinci ya ƙi zama. Ya ce mini in ya juya ido sai ya ji kamar wutar lantarki ta ja shi a tsakiyar kai, ya zabura. Fargabar da muka sha wahala muka kora ta dawo da ƙarfinta har da ƙari, ƙarar rufe ƙofa kawai sai ka ga ya dafe ƙirji. Hannun kuwa ya kama rawa. Na kira ka na faɗa maka, ka aiko da saƙon murya kana dariya, kana cewa ragwanci ne da shagwaɓar auta, aiki ne maganinsa, lafiyarsa ƙalau. Mama ta mayar da saƙon nan wazifa. Kowace safiya sai ta tsaya a ƙofar ɗakinsa ta kunna masa muryarka, ta cusa masa makulli a hannu ta ce ya ji dai abin da Yayansa ya ce.

Haka ya riƙa fita yana tangaɗi. Da kilifa yana ɗan lallaɓawa, ya tallafi hannu da hannu. Sai ranar da Baba Direba ya zo. Ka san shi, tsohon nan da tun zamanin Baba ba ya yarda kilifa ta taɓa masa fuska. Auta ya roƙe shi ya bari sai wani lokaci, tsohon ya ce haba ɗana, hannun ubanka ne da kai, ya kwantar da kai ya lumshe ido. An shafa kumfa, an yi gefe ɗaya lafiya. Aska tana ƙasan kunne wani ya kunna babur a bakin shagon, abin nan mai kama da lantarki ya ja Auta a kai, hannu ya fizge. Jini ya wanke mayafin har ƙasa. Allah ya tsare yankan bai kai jijiya ba, amma sai da aka yi ɗinki. Da na iso na tarar mutane sun yi cincirindo, wasu sun ɗaga waya suna ɗauka, Auta kuma yana durƙushe a bayan kujera ya rungume ƙafarta yana haki, askar tana ƙasa. Babu wanda ya ɗaga shi. Baba Direba ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe, amma yanzu ta ɗaya gefen titi yake wucewa da tabonsa.

Samarin shagon da ke kallon namu suka sa masa suna Janareta. In ya zo wucewa sai ɗaya ya yi kamar yana jan igiya, sauran su kama karkarwa suna ƙyaƙyata dariya. Har yaran makaranta sun ɗauka. Mama da ta ji, ba su ta zaga ba, shi ta zaga, ta ce ya zubar da mutuncin gidan, ya ɓata sunan ubansa a kabari. Na ce mata Mama ku kuka zubar da maganin, ta ce in rufe mata baki, Yayanku ya fi ku sani, a waje yake. Yaya, na tsane ka a ranar. Na faɗa maka ne don kada ka ji a bakin wani.

Ban nemi izinin kowa ba na sa shi a gaba muka koma asibiti. Likitar da ta ji yadda aka yi, ta ajiye biro ta dube ni, na ji kunya kamar ni na aikata. Ta ce maganin nan ba a yanke shi rana ɗaya, ko lokacin bari ya yi, rage shi ake yi kaɗan kaɗan tana duba mutum. Ta ce abin da ya same shi ba hauka ba ne, ba ragwanci ba ne, jiki ne aka fizge wa abin da ya saba da shi. Ta mayar da shi a kan maganin, ta ce sai an yi haƙuri kafin ya daidaita. Yanzu kwalin yana gidana, a saman kwaba inda hannun Mama ba ya kaiwa. Kullum da safe ya biyo ya sha a gabana. Ta koya masa yadda zai ja numfashi a hankali ya sake in abin ya taso, ya riƙe kofin ruwan sanyi har ya lafa. Da yamma mukan taka zuwa ƙarshen layi mu dawo, ni da goyo, shi yana kallon ƙasa. Wata rana ya wuce lafiya, wata rana sai mun tsaya ya jingina da bango.

Hannun ma Auta yana koya masa aiki daga farko. Ya sayo balan-balan, ya hura, ya shafa musu kumfa yana bi da aska. Da farko tsakar gidana kamar ana harbi, kowace ta fashe sai ya zabura, 'yan biyu su tsala ihu. Yanzu sai ya aske guda tas ba ta fashe ba. Maigidana ya ba da kansa sau ɗaya, bawan Allah, ya zauna yana salati a zuci, ya tashi lafiya da kunnuwansa biyu. Amma shi na gida ne, a tsakar gida aka yi, babu wanda ya gani. A shago kuwa babu mai zama. Kullum ya buɗe, ya goge madubi, ya jera kilifa, ya wasa aska, ya share ƙasan da ko silin gashi babu, ya zauna a benci shi kaɗai har la'asar. Sai ga Mama tana cewa kun yi magana, ka ce in shagon ya gagare shi a fitar da kujerar a ba mai sayar da waya wurin. Kujerar Baba, Yaya. Ita kaɗai ta rage wa yaron nan, in aka fitar da ita ɗaki zai koma ya kulle, kuma ban san ko zan iya sake fito da shi ba.

To ga abin da na yanke. Na ji kana tafe hutun nan. Na riga na bi layin shago shago, har na samarin Janareta, har gidan Baba Direba, na shaida musu cewa Yayanmu na waje zai zauna a kujerar Auta, ƙofa a buɗe, a yi masa gyaran fuska da aska har maƙogwaro. Mama ma ta ɗauka tana yaɗawa da alfahari, ba ta gane ba. A bainar jama'a ka tozarta shi, a bainar jama'a za ka miƙa masa wuya. In ka ƙi zama, kowa ya san ɗan'uwansa ma tsoronsa yake ji, kai ka rufe shagon da hannunka, kuma kai za ka ɗauki kujerar a ka ka fitar. In ka zauna, zan tsaya a gefenka da ƙwayar ranar a tafin hannuna da kofin ruwa. Zan ba shi ko me ka ce, amma sai na tambaye ka a gaban Mama da mutanen benci ko in ba shi ko in kai masai. Ina so in ji amsarka da kumfa a wuyanka.

Ka gaida Anti da kyau, ka ce mata na gode da zanen. Ka shafa mini kan takwarar Mama da ɗan autanku mai haƙoran gaba biyu. Maigidana da 'yan biyu suna gaisuwa, Mama tana sa albarka kamar kullum. Auta bai ce a gaishe ka ba, amma da na faɗa masa kana tafe ya tashi ya ɗauko dutsen wasa aska. Allah ya kawo ka lafiya. Daga yau kada ka taɓa gemun nan, ka bar shi ya taru.

Ƙanwarka,
wadda kake kira Mai Baki